Daminun Malam Alu, Daga Gwandu Zuwa Kalgo

Tun da muka dawo daga Kalgo ban samu na zauna na juya ko warƙa ɗaya ba. In na fito masallaci a tare ni: "Malam Sambo, wai da gaske Nasara ya kama ku?" In na je bakin rijiya a sake tare ni. Abokin tafiyata Arzika kuwa kullum labarin ƙara kumbura yake a bakinsa, jiya na ji yana rantsuwa wai kada ya biyo mu har tudu. Don kada gaskiya ta salwance gaba ɗaya, ga yadda abin ya faru daga fitarmu har komowarmu.

Ni mutumin Masama ne ta ƙasar Gwandu, sana'ata juyin littattafai, wato kwafe su da hannu warƙa warƙa. Damina uku a jere ruwa ya yi mana rowa. A shuka gero ya tsiro ya ƙone, a sake shukawa ya sake ƙonewa. Da bazarar bana ta kama, yayana Umaru, wanda shi ne babban gidanmu, ya ce ƙasar ta mutu, sai a tashi a yi kudu wajen Yawuri. Gida goma sha ɗaya suka ce in ya tashi sun tashi. Ni abin da ya tsaya mini a rai Inna ce, mahaifiyarmu. Ƙafarta ba ta kai ta ko ƙofar gida sai da sanda. Na san in aka ɗora ta a kan jaki cikin wannan rana, ba za ta ga Yawuri ba.

Aka taru ƙofar maigari. Aka tambayi tsofaffinmu uku ko an taɓa yin irin wannan fari. Na farko ya ce tun da aka kafa duniya ba a taɓa ba. Na biyu ya ce an yi wanda ya fi shi, amma ya manta ko kafin aurensa ne ko bayan mutuwar matar. Na uku ya ce a maimaita tambayar. Sai na tuna da kakanmu Malam Alu. Yana da wani babban littafin fiƙihu, kuma ɗabi'arsa ce duk abin da sama ta yi ya rubuta a gefen takardar: ranar ruwan shuka, ranar da aka yi iska, shekarar fara, shekarar ambaliya. Ya fara tun daga warƙar farko, yana bi a jere har ya rasu. Da aka zo rabon gado aka kasa littafin uku, tunda warƙoƙi ne a sake ba ɗinki. Na ƙarshe ya zo hannun mahaifinmu, yana wurina, kuma kusan duk shekarun ƙoshi ne a ciki. Na farko yana Gwandu wurin Baffa Haliru, na tsakiya yana Kalgo wurin Goggo Kulu.

Umaru ya dube ni ya ce, "Takarda za ta cika muna rumbu?"

Na ce, "A'a, Yaya. Amma za ta hwaɗa muna ko ƙasag ga mutuwa ta yi ko suma."

Ya ce, "To ka tai. Kwana goma na ba ka. In sunka cika ba ka komo ba, ka iske mu hanya."

Arzika ɗan kawuna ne, taubashina, manomi ne da ko alif bai sani ba, amma shi ke da jaki. Ya ce zai raka ni don ya ga inda aka ajiye ruwan shekara arba'in cikin takarda bai jiƙa ta ba.

Na ɗauki kashin littafin da ke wurina muka kama hanya. Gwandu ba nisa, kafin azahar mun shiga. Ni dai duk lokacin da na je garin nan sai in ji kamar rigata ta yi datti. Kowa malami ne, ko mai sayar da itace in ka taya sai ya jawo maka aya. Gaisuwa kuwa rabi Hausa rabi Fillanci, kuma ba ta ƙarewa. Mu a Masama in ka tambayi gida da aiki da gajiya ka gama. A zauren Baffa Haliru sai da aka tambayi lafiyar jakin.

Baffa dogo ne siriri, ba ya dariya sai da dalili. Aka kawo mana fura da nono mai kyau, muka sha har Arzika ya fara lumshe ido. Da na faɗi abin da ya kawo mu, Baffa ya sa aka sauko da gafakar fatar da littafin ke ciki daga inda take rataye, ya buɗe da bisimilla, ya ce Arzika ya ja baya taku uku. Na tambaye shi ko ya taɓa karanta rubutun gefen. Ya ce, "Karatu shina tsakiya. Na gefe wasan tsoho na."

Na ɗauki warƙar farko. Ga rubutun kakanmu ƙanana kamar sawun tururuwa, wani da Larabci wani da ajami: "Ranar Alhamis an yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu taƙi guda." Can ƙasa kuma: "Ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, gero ya murɗe." Wallahi ji na yi kamar tsohon yana zaune kusa da ni yana leƙen sama. Na yi ta karantawa da ƙarfi ina dariya ni kaɗai.

Amma Baffa ya ce littafi ba ya fita gidansa. In ina so in zauna in juya a nan, wata guda ya ishe ni. Na roƙa, na kawo zumunci, na kawo Inna, ya ce zai duba. Muka kwana, muka tashi da tabon kuɗin cizo har a fatar ido, muka wuni, yana nan yana dubawa. Kwana biyu sun tafi.

Da la'asar Arzika ya gyara zama, ya yi fuskar tausayi, ya ce, "Baffa, ka bar shi kawai, kada ka damu kanka. Ai dama an gama magana. In mutanen Masama sunka tashi, nan za su hwara yada zango, tunda kai ad dangi na kusa. Gida goma sha biyu na, da mata da ɗiya da awaki. Ba su wuce wata biyu."

Baffa ya dubi ɗan tsakar gidansa, ya dubi rumbunsa guda ɗaya. Ya tashi da kansa ya naɗe gafakar, ya rataya mini a wuya, ya ce mu yi sammako saboda rana.

Daga Gwandu muka yi yamma ta Ambursa. Hanyar ba abin da zan ce game da ita sai zafi. Rijiya biyu muka tarar sun ƙafe, a ta uku mata sun yi layi suna kwalfar laka. Muka yi ta gamuwa da Fulani suna kora shanu kudu, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Wata Bafillatana ta ba mu ɗan nono a ludayi ta ce mu yi haƙuri, shanun ma haƙuri suke yi. Jakin Arzika kuwa ya ƙirƙiro wata ɗabi'a, duk inuwar da ya gani sai ya durƙusa, ko da ta karan dawa ce. Sau ɗaya ya durƙusa ina kai, na wuntsila ta gaban kunnuwansa, na faɗi na ɗaga gafaka sama kamar mai tsallake kogi. Arzika ya tsaya yana tambayar jakin ko ya ji ciwo.

Rana ta huɗu da hantsi muka iso bakin Birnin Kabi, muka zauna gindin wata tsamiya kusa da ƙofa. Na ciro warƙa ina karanta wa Arzika. A nan sai na yi bayani kaɗan. Malamai suna lissafin damina da taurari, kowane tauraro da kwanakinsa, kuma ɗaya daga cikin na tsakiyar damina sunansa Nasara. To abin da kakanmu ya rubuta a wannan warƙar, ni kuma na karanta da iyakar muryata, shi ne: "Nasara ta shigo ba ta kawo muna komai ba sai iska da wahala. Allah shi gaggauta fitarta."

Ban rufe baki ba na ji an dafa kafaɗata. Wani dogari ne ƙato, ya ce, "Maimaita."

Na ce, "Tauraro na, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Tauraro ko? Tashi ka hwaɗa ma mai tauraron."

Aka tasa mu gaba har bariki, mu da jaki. Arzika yana ta raɗa mini cewa shi dama bai iya karatu ba, kuma yau ya gode wa Allah. Ni kam na tsorata, don kowa ya san yadda Turawa ke tsoron malami da takarda. Abin da nake tunani shi ne in suka ƙwace gafakar nan, da wane ido zan dubi Baffa, kuma wa zai tsayar da Umaru.

Aka shigar da mu gaban wani Bature ja wur kamar an yaɓa masa manja, da tafintansa mai Hausar Kano. Na durƙusa na yi bayani, na lissafa taurarin damina da yatsu, na nuna cewa tawadar nan ta girmi zuwansu ƙasar da shekaru masu yawa. Tafinta ya juya masa. Baturen ya sake tambaya, aka sake juya masa. Sai ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi. Na ce shi ke nan, an gama da mu. Ashe murna ce. Ya kama hannun rigata ya ja ni bayan gida, dogari na biye yana mamaki.

Me za mu gani? Wata 'yar kwalba a ƙasa da mazurari a bakinta, an kewaye ta da shinge saboda awaki. Tafinta ya ce kowace safiya in an yi ruwa, Baturen nan da kansa yake zuwa ya juye abin da ya taru a wani kofi mai zane, ya rubuta a littafi. Ya kawo littafin yana buɗe mana shafi shafi kamar mai nuna ɗan fari. Na tambayi damina nawa ke ciki. Aka ce bakwai.

Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, ai littahin naka ko yaye ba a yi mai ba. Namu ya yi jikoki."

Tafinta ya juya masa. Baturen ya yi dariya har da buga cinya. Ya nuna mini shafukan damina ukun nan da suka wuce, ko ban iya karatunsu ba na ga rubutun ya yi ƙaranci. Sannan ya yi mini wata tambaya da ta bi ni har Kalgo: ta yaya zan san kakana bai yi ƙari ba, ko bai tsallake wata shekara ba? Ya ce a nemi shaida na biyu wanda bai san na farko ba. Na ce ai mu ma haka shari'armu take. Ya ba mu takardar wucewa da dunƙulen sukari guda biyu. Arzika ya ɗauka alif ne na rini, sai da ya lasa, daga nan bai ƙara magana ba har muka fita gari, abin da ban taɓa gani ba.

Kalgo ƙasa ce ta fadama. Tun kafin ka ga gari hancinka zai gaya maka, don ko'ina bandar kifi ake yi. Mu a tudu in an gamu a ce ina aiki, su kuwa ina ruwa. Tuwonsu na shinkafa ne, miya kifi, ɗumame kifi, in ka ce ka ƙoshi a ba ka busasshe ka riƙa taunawa. Sauronsu ma da rana yake aiki. Su ma farin ya taɓa su, gulbi ya ja baya ya bar kwale-kwale kife a kan yashi, amma ba su kai mu jigata ba.

Goggo Kulu ƙanwar mahaifinmu ce, ta yi aure a can wurin wani Basarke mai kamun kifi, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Manu. Gajera ce mai ƙiba mai murya. Da ta gan ni ta rungume ni tana kuka tana cewa ga Muhammadu ya dawo, wato marigayi mahaifinmu, ta juya ta ja kunnen Arzika ta ce har yanzu bai yi hankali ba. Sai da muka cinye akushi biyu ta yarda aka yi maganar littafi.

Ta shiga ɗaka ta fito da shi a naɗe cikin farin zane, ba ƙura ba gara. Na ce alhamdu lillahi. Na buɗe. Na sake buɗe wata warƙar. Na zazzage duka a kan tabarma. Karatun tsakiya yana nan lafiya lau, amma gefen kowace warƙa an yanke shi tsaf da aska.

Na ce, "Goggo, ina rubutun gefe?"

Ta ce, "Na hannun Baba? Ai shi am mai albarka. Na tsakiya kowa na da irinai. Na ba baduku ya ɗunke min layu."

"Layu, Goggo?"

"Awo. Ashirin da ukku. Kuma ba wanda na ba bai ga aiki ba."

Arzika ya kwanta a ƙasa. Ba ƙari nake yi ba, kwanciya ya yi yana shure-shure yana riƙe ciki. Ni ban san ko in yi kuka ko in bi shi ba. Rana ta biyar ke nan, kuma shekara goma sha wani abu na ruwan Masama suna rataye a wuyan mutanen Kalgo.

Da na fahimtar da ita abin da ke ciki da abin da Umaru ke shirin yi da Inna, sai ta ɗaure zane ta ce mu tashi. Ban taɓa ganin mace mai iko irin nata ba. Gida gida muka bi. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Hajo, kawo layag ga da na ba ki shekarar ciwon haƙori." Wani ya ce ai ba a buɗe laya, ta ce ubanta ne ya rubuta ko nasa? Muka ciro ɗaya daga saman ƙofar wani mahauci, ɗaya daga ƙahon saniya, ɗaya daga ƙugun wata tsohuwa da ta sa muka juya baya. Baduku yana biye da mu yana farkewa, ni ina karantawa. Ta mai ciwon haƙori ta ce, "Fara ta sauka ranar Talata, ta tashi ranar Laraba." Ta mahaucin, wadda ke tsare shi daga ɓarayi, ta ce, "Ruwa ya yi yawa, bangon masai ya faɗi." Kafin la'asar rabin gari na biye da mu, kowa na jiran a karanta ta maƙwabcinsa.

Uku suna wurin Manu, shi kuwa yana tungar masunta a ƙetaren ruwa. Ni ban taɓa shiga jirgi ba. Da aka turo kwale-kwalen na zauna a tsakiya na ƙanƙame gefe biyu, na rufe ido, na kama karanta duk abin da na haddace. Muna tsakiyar ruwa na ji ƙuuu, jirgi ya tsaya ya karkata. Na ƙwala salati na ce a gaya wa Inna ta yafe mini. Da na buɗe ido sai na ga mai tuƙin ya sauka yana turawa, ruwan ko gwiwarsa bai kai ba. Wasu mata masu wanki a gaɓa suka amsa mini salatin cikin ladabi, sannan suka fashe.

Manu ƙaƙƙarfa ne, baƙi, mai ƙaramar murya. Layar da ke damtsensa ya shekara ashirin da ita saboda kada. Da ƙyar ya yarda aka farke. Na karanta: "An yi ƙanƙara kamar ƙwan zabo, ta kashe kaji biyu, ta fasa tulun uwargida."

Manu ya karɓi 'yar takardar ya juya ta gaba da baya. Ya ce, "Shi ke nan abin da ac ciki?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ce, "To ni dai kada bai taɓa ni ba. Juye abinka a maida min kayana."

Haka kowa ya ce daga baya. Duk sai da na juye su a wata takarda, baduku ya mayar ya ɗinke.

A wurin Manu na samu shaida na biyu. Da ya ji abin da muke nema, ya kai mu wani gurbi ya nuna mana tsohon kututturen ƙirya a tsakiyar ruwa. Ya ce ba ya fitowa sai shekarar da gulbi ya gaza ƙwarai, kuma tun zamanin kakansa duk shekarar da ya fito sai a sare shi sau ɗaya da gatari. In ruwa ya dawo ya rufe shi, in ya sake fitowa a fara sabon layi. Wannan karon da ƙafa na shiga. Na shafa da hannuna: layin ƙasa sara huɗu, na sama da shi uku, sai na wannan farin namu sababbi guda uku.

Rana ta takwas muka baje komai a tsakar gidan Goggo. A ƙasan kowace warƙa akwai kalmar da ta gaba za ta fara da ita, da haka na jera littafin tun daga na Baffa har nawa. 'Yan guntayen kuma, kafin a mayar da su, na riga na gwada bakin kowanne da yankan askar har na gane warƙarsa. Biyu ne ba mu samu ba, ɗaya ta tafi Makka a wuyan wani alhaji, ɗaya an sayar da ita tare da saniya. Arzika ya ce wannan tururuwar rubutun ba wanda zai gane ta a Masama, a yi abin da ido zai gani. Ya kawo wake da 'ya'yan tsamiya. In na karanta damina mai kyau ya ajiye farin wake, in ta fari ce ya ajiye ɗan tsamiya, inda babu ya bar gurbi. Muka yi layi tun daga bakin tabarma har ƙarshenta, damina arba'in da ɗaya.

Aka kira azahar muka tafi masallaci. Da muka dawo muka tarar da kazar Goggo a tsakiyar tabarma, ta tsince waken nan tas, ta bar mana 'ya'yan tsamiya zalla. Arzika ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo, ta cinye shekarun alheri ta bar muna yunwa!" Goggo ta bi ta da faifai. Da la'asar muka ci ta da tuwon shinkafa, Arzika yana cewa wannan cinyar daminar ambaliya ce, shi ya sa ta yi mai.

Muka sake jerawa. Da aka gama na tsaya na duba, dariyar ta tsaya mini. Ga baƙaƙe huɗu a jere can wajen farko, ga uku a tsakiya, daidai da saran kututturen Manu, mutanen da ba su taɓa ganin littafin ba. Bayan kowanne fararen wake sun dawo sun yi layi. Ƙasar ba mutuwa ta yi ba. Amma huɗun nan sun tsorata ni, don mu uku muka yi.

Muka yanko ta Jega don sauri, ko kasuwar ba mu tsaya kallo ba. Jakin ya gane gida za shi, bai ƙara durƙusawa ba. Rana ta goma da hantsi muka shigo Masama, muka tarar an ɗaure kaya, an ciro turame waje, har an kwance ƙyauren ɗakin Inna.

Na shimfiɗa tabarma ƙofar maigari, Arzika ya jera wake da tsamiya, ya sa mutum biyu gadin kaji. Gari ya taru, mata suna bayan zana, aka kawo Inna aka zaunar a bakin zaure. Na bi layin da sanda ina faɗin abin da aka rubuta, na faɗi na kututture. Tsohon nan na biyu ya yi ta cewa, "Ai na hwaɗa muku!"

Umaru ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ka rantse bana za a yi ruwa?"

Na ce, "Ba ni rantsuwa, Yaya. Shina yiwuwa a ƙara guda, ga huɗu nan an taɓa yi. Abin da na sani, sau biyu anka yi haka, kuma ga garin nan."

Ya ce, "Waɗancan mutanen da na. Mu ba mu iyawa."

Sai na ciro wata takarda da na ɓoye tun Kalgo, wadda aka ciro daga layar wuyan Goggo ita kanta, ta bar mini. Na ɗora sanda a kan ɗan tsamiya na uku na tsakiya, na karanta: "A cikin wannan fari an haifa wa Muhammadu ɗa namiji, an sa masa Umaru. Ba ruwan wankan jego a gari, daga kwarin Gwandu aka ɗauko a kan jaki. Ba a samu rago ba, da ɗan akuya aka yi suna."

Sai wani ya yi kukan akuya a hankali daga baya, ba sai na faɗi ko wane ne ba. Gari ya kece da dariya, har maigari ya rufe baki da rawani. Umaru, mai gemu da jikoki, ya tsaya baki buɗe, ya juya wajen zaure ya ce, "Inna, da gaske na?"

Inna ta ce, "Kakanka ya rufa ma asiri. Ɗan akuyan ma aro munka yi, kuma ramamme na." Aka sake fashewa. Ta jira aka lafa, sannan ta ce, "Tahwasa da ɗanyen zogale ni ci ina ba ka nono. Kowa ya ce ba ka rayuwa. Ba mu yar da kai ba, ba mu yar da garin ba. Damina ta biyu bayan nan gero ya yi yawa har rumbun ubanka ya tsage. Ni ba ni zuwa Yawuri, Umaru. Ka maida min ƙyaurena."

Ya sunkuyar da kai. Can ya share ido da hannun riga, ya tafi ya ɗauki ƙyauren da kansa.

Ba kowa ya tsaya ba. Gida huɗu sun tafi washegari, muka raka su har bayan gari, kuma ban ga laifinsu ba, don rumbunansu ba ko zangarniya. Sauran sun ce za su ga damina ɗaya. A shekarun farin nan kakanmu ya rubuta cewa waɗanda suka shuka a kwari su suka samu abin kaiwa baki, saboda haka maigari ya raba kwarin gabas, kowane gida ya samu yanki.

Shekaranjiya da sassafe Umaru ya leƙo ɗakina da sungumi a kafaɗa, ya ce in ajiye alƙalami in ɗauko ƙoƙon iri. Muka yi binne a busasshiyar ƙasa, shi yana sara ni ina zubawa ina takewa har muka kai ƙarshen gona. Irin da ya rage mana ke nan duka, yana can ƙarƙashin ƙasa. Yau da azahar iska ta juyo daga gabas, inda hadari ke taso mana, kuma tun ɗazu ba wanda ya iya zama cikin ɗaki a Masama.